Tagar Baba

Sana'ar Auta wanke gilashi ce. Manyan ofisoshi take bi da bokiti da tsumma, kuma idan ta gama da taga sai ka rantse babu komai a wurin. Taga ɗaya ce ke tsone mata ido: ta ɗakin mahaifinta, mai kallon kurmin bayan gida. Tun tana yarinya gilashin nan yake a dame da busasshen sabulu. Inna, Allah ya jiƙanta, mace ce mai tsabta, amma tagar nan kam ta gagare ta. Haka dai Auta ta ɗauka.

Bayan rasuwar Inna ta dawo gida don kula da Baba, wanda ya daɗe da rasa gani. Ba ya neman komai sai kujerarsa a gindin taga, da wani tsuntsu da ya laƙaba wa Ɗan Baƙo.

Ɗan Baƙon nan da kaɗan ya fi babban yatsa. Bayansa kore-kore, ƙirjinsa ruwan ƙwai. Da sanyi ya kama sai ya ɓace, ya tafi can wata ƙasa, ba ya dawowa sai itatuwa sun fara toho. Namijin ke fara isowa, ya yi ta rera waƙa don kowa ya san wurin da mai shi. Wuni yake yi yana leƙen ƙarƙashin ganye yana tsintar tsutsa, sheƙarsa kuwa a ƙasa yake yinta cikin ciyawa, sai ka ce marar wayo.

"Auta, ya iso?" in ji Baba kowace safiya.

"Haba Baba, kai mai kunnen ne kake tambayata?"

Bana Baba ya rame, abinci sai da lallashi. Auta ta tsorata ƙwarai. Ta sa a ranta idan ya ji waƙar nan zai ɗan farfaɗo. Ranar hutunta ta gyara masa ɗaki tsaf, sannan ta sa reza ta kankare sabulun nan kaf. Gilashi ya fito tas, har kurmin gaba ɗaya ya bayyana a jikinsa daga waje.

Washegari da hantsi sai ga waƙar, siririya, tana gangarowa a hankali. Baba ya ɗaga yatsa, fuskarsa ta washe. Waƙar ta tsaya. Sai ƙwas! a jikin gilashi.

Auta ta fita da gudu. Ɗan Baƙo yana kwance ƙarƙashin taga, wuya a karye, da sauran ɗuminsa. Nauyinsa bai kai na makullin ɗaki ba. Ta koma ciki tana shirya ƙaryar da za ta yi.

"Kin wanke tagar," in ji Baba.

"Na wanke, Baba."

"Itatuwa yake gani a ciki, ya zaci hanya ce. Uwarki da hannunta take shafa sabulun nan duk shekara kafin su iso. Ni kuma ban tuna in gaya miki ba."

Baƙin ciki ya turnuƙe Auta. Ta tuna 'yan tsuntsayen da take sharewa a gindin ofisoshi tana tsine wa kyanwa. Ta ɗauko sabulu ta jiƙa, ta fita, ta fara dama shi a gilashin tana share hawaye da kafaɗa.

Baba ya jiyo ƙarar hannunta daga ciki.

"Macen tana tafe a baya," ya ce. "Shafa da kyau, har sama."