Wandon da Ya Tsayar da Inji

Dogo makaniki yana kwance ƙarƙashin tankin mai, bakinsa riƙe da tocila, sai ya ji injin ya yi wani dogon nishi ya tsaya cak. Haƙoran ƙarfen da ke markaɗa tayoyin manyan motoci suka daskare da rabin taya a baki.

"Ya kuma," in ji mai tuƙa injin daga sama, kamar mai ba da labarin rasuwa.

Kullum haka, da rana ta take. Man da famfo ke turawa cikin tiyo ya juya haƙoran sai ya ɗau zafi, injin kuwa ba ya wasa da zafi, kashe kansa yake yi. Dogo ya canja matacin mai, ya canja tiyo, ya kwance famfon ya mayar, har man ya zubar ya zuba sabo. A banza, wai an tsikari kakkausa.

Yau kuma Manaja ya gama magana tun da safe. Baƙi za su zo ganin aiki, in injin ya ba shi kunya a gabansu, Dogo ya kwashe sifanunsa ya kama gabansa. Tsoro ya kama Dogo sosai, don matarsa tana da tsohon ciki.

Ya fito yana bin tiyo da hannu har bayan rumfar injin, inda lagireto da ƙatuwar fanka ke sanyaya man. Da safe yake duba wajen, kullum ya same shi tsaf. Yau da ya zo da rana, sai ga wani jibgegen wando jiƙe sharkaf an baje a kan ragar lagireton, ga singileti, ga tawul, ko iskar kirki ba ta wucewa. A gefe kuma surukinsa ne zaune kan bokiti, mai gadin da Dogo ya yi ta roƙo har aka ɗauka, don ya huta da zaman tsohon a falo yana gyara masa tarbiyyar yara.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yawwa, ɗana. Kai, wannan fanka taku albarka ce. Kafin in gama cin abinci, kaya sun bushe ƙayau."

Ina mutum zai fara da uban matarsa? Dogo ya lallaɓa ya zare kayan yana cewa, "Bari in taya ka, Baba, kada mai ya ɓata su."

Iska ta samu hanya, allurar zafi ta soma sauka. Jim kaɗan injin ya tashi da ruri, ya haɗiye ragowar tayar kamar bai taɓa ciwo ba. Daidai nan Manaja ya zagayo, baƙin kuwa suna can gaba suna ɗaukar hoto. Ya dubi ragar da ke ɗigar ruwa, ya dubi abin da ke hannun Dogo.

"Shanya? A kan injina? Na wane ne?"

Dogo ya saci kallon tsohon. In ya faɗa, yau za a sallame shi, gobe kuma ya dawo falo, ga kukan matarsa.

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

Manaja ya karɓi wandon ya ware. Mutum biyu irin Dogo za su shige ciki, tsawonsa kuwa da ƙyar ya wuce gwiwarsa.

"Lallai aikin nan ya ramar da kai," in ji shi. "Kafin a tashi, ka ɗaure wa kanka igiyar shanya can nesa da rumfar nan."

Ya miƙa masa ya wuce wajen baƙinsa. Dogo ya sauke ajiyar zuciya.

Tsohon ya gyara zama a kan bokitinsa. "Ɗana, tunda sun tafi, mayar min da shi. Ƙugun bai bushe ba."