Kaurar Malam Sulle

A Yammedi ba wanda yake fita shuka sai Malam Sulle ya saɓa sungumi. Ba sarauta gare shi ba, haka kawai aka saba. Shi ne mai duban sama, ya shaƙi iska, ya leƙa ko shamuwa ta sauka a kan tsamiyar masallaci, sannan ya ce wa mutane gobe. Da can in ya ce gobe, goben ce. A 'yan shekarun nan kuwa sama ta fara ba shi kunya, amma Malam Sulle irin mutanen nan ne da ko tuntuɓe suka yi sai su ce dutsen ne ya matso.

Abin da ya fi so a duniya, bayan 'ya'yansa, wasu ma sun ce kafin su, shi ne irin dawar da ya gada wurin mahaifinsa. Kaura ce ja, mai manyan ƙwayoyi, tuwonta ya kwana bai saki ba. Bai taɓa sayar da irin ba, bai kuma taɓa ba kowa ko tafi ɗaya ba. Sau biyu a jere yana shukawa da ruwan farko fari yana cinyewa, har abin da ya rage bai wuce ƙwarya guda ba, a cikin tukunya a ɗakin matarsa Turai. In wannan ta tafi, kaurar gidansu ta ƙare ke nan.

Turai ba ta rabuwa da rediyo. A nan ta ji ana cewa duniya ce ta ɗumama, hayaƙin masana'antu da na motoci ya taru a sama ya riƙe zafi, ga kuma sare itatuwa da ƙone-ƙone, shi ya sa damina ta daina zuwa a kan ƙa'ida. Aka ce manoma su yi haƙuri da ruwan farko, su bari ƙasa ta sha sosai. Ta kawo masa labarin tare da kokonsa na safe. Maganar hayaƙin Turawa ta yi masa daɗi ƙwarai, ya ce dama shi ya san da hannun wani a ciki. Da ta zo kan itatuwa sai ya ce kokon ya yi sanyi. Dalili kuwa, bara waccan ya bar wa masu gawayi ɗorawar da ke tsakiyar gonarsa, wai inuwarta tana cin shuka. Kowace bazara kuma in ya yi sassabe ba ya barin ko tsiron sabara, ya tattara kara da ganye ya banka musu wuta, gona ta fito fes kamar tsakar gidan amarya. Da wannan yake alfahari, yana yi wa masu barin kututture dariya.

Da aka yi ruwan farko, mai ƙarfi ne, har ya yi awon gaba da katangar maƙwabcinsa Abdullahi. Shamuwa ma ta iso. Da safe Malam Sulle ya tona ƙasa da yatsa, ya ce a kawo tukunya.

Turai ta ce, "Malam, ka raba biyu mana. Ka shuka rabi, in ajiye rabi."

Ya ce, "Wanda yake magana a rediyon nan, kin taɓa ganin sa da sungumi?"

Ta ce ba ta taɓa ganin sa ba ma gaba ɗaya. Ya ce to. Ya juye ƙwaryar kaf, ya fita, rabin gari ya bi bayansa.

Shuka ta fito kore shar, Malam Sulle yana zagayawa hannu a baya, yana amsa gaisuwa kamar shi ya aiko da ruwan. Daga nan sama ta ɗauke. Kullum da la'asar hadari ya haɗu ta gabas, ya yi baƙi, ya yi rugugi, sai iska ta kwashe shi ta yi wani wuri da shi. Ƙasar gonarsa da ba ta da ko ganyen da zai rufe ta ta yi zafin da ba a taka ta ba takalmi. Tsiron ya naɗe, ya yi fari, ya kwanta. Maƙwabta suka sayo irin zamani mai saurin nuna suka sake shuka, ba wanda ya ce masa uffan, sai dai gaisuwar ta yi tsawo fiye da da. Wannan ya fi zagi ciwo. Ya rage cin abinci, ya daina zama a dandali. Baƙin ciki ne sosai, don gani yake shi da hannunsa ya binne abin da ubansa ya bar masa.

Bayan ruwa ya dawo ya zauna, Turai ta ce ko zai leƙa Zoza ya gaida Shitu. Shitu taubashinsa ne, ɗan gwaggonsa da aka kai aure gidan Fulani a ƙasar Rogo, yana kiwo yana noma. Tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tsiya ba. Malam Sulle ya ce shi ba ya cikin yanayin wasa. Turai ta ce ai ba wasa ta aike shi ba, matar Shitu ce ta gaya mata a wurin suna cewa gobe za su rage shuka, kuma kaura ce ja. Washegari da hantsi Malam Sulle ya hau bayan ɗan acaɓa.

Ya tarar da Shitu a gonarsa, wadda Malam Sulle ya daɗe yana kira daji. Gawo nan, kalgo can, karan bara a zube, kashin shanu ko'ina. Amma a ƙarƙashin wannan ƙazanta dawa ce tsaye, ta kusa gwiwa. Suka gaisa, aka tambayi iyali da shanu da ruwa, Shitu yana ta jan gaisuwar da gangan, don ya san abin da ya kawo baƙonsa.

Can ya ce, "Malamin sama da kansa. Ince dai ba ruwa ka zo ɗauke mana ba?"

Malam Sulle ya tsuguna ya shafa ganyen, ya tambayi inda aka samo irin. Shitu ya ce innarsa ce ta zo da shi a ƙullin zane ranar da aka kawo ta, daga rumbun kakansu, kuma ta raba wa duk wanda ya roƙa, yanzu gida-gida ake shuka shi a unguwarsu. Wato shekara da shekaru Malam Sulle yana gadin tukunya, kaurar tana can tana yawonta a Zoza. Kunya da farin ciki suka haɗu masa, ya rasa wanne zai fara.

Shitu bai ƙyale shi haka ba. Ya sa shi ya tuɓe riga ya shiga ragin da kansa, yana binsa yana nuna masa itatuwa ɗaya-ɗaya wai ya gaishe su, tunda su suka riƙe masa laima. Amma da suka kai ƙarshen gona, inda ba inuwa, can ma shukar ta ƙone. Shitu ya daina dariya. Ya ce rafin da shanunsa suke sha tun yana yaro yanzu kafin tsakiyar rani ya ƙafe, kuma shi ma sa'a ce ta taimake shi bana.

Ya ce, "Wallahi Sulle, ni ma tsoro nake ji."

Suka naɗe tsiron da suka cire a jiƙaƙƙen buhu. Malam Sulle ya rungume shi a kan babur har Yammedi, bai yarda an ɗaure a baya ba. Kafin la'asar ya dasa, bai fi 'yan kunyoyi ba a gefen gona. Ya je ya roƙi ragowar kara wurin Abdullahi ya shimfiɗa a tsakani, ya kuma ɗebi kaɗan daga dashen ya ce Abdullahin ya sa a tasa gonar, kada ya zama a hannun mutum ɗaya.

Hadari ya haɗu ta gabas, baƙi ƙirin, irin wanda da can zai rantse a kansa. Masu dawowa daga gona suka tsaya suna tambayarsa ko yau za a yi ruwa. Ya ɗaga kai ya duba, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce Allah ne masani. Ya wuce gida ya ari bokitin Turai, ya nufi rijiya. Mutanen Yammedi suna tsaye a bakin hanya, suna kallon Malam Sulle yana bi gindi-gindi yana ba dawa ruwa da tsakiyar damina, ba wanda ya iya yin dariya.