Kiɗan da Baba Ya Bari a Gareji

Tun da Baba ya rasu ban ƙara jona butar shayi ba sai na kashe firji tukuna. Ni Vesna, mace da girmana, a gidana na unguwar Spearwood, sai na yi lissafi kafin in sha ruwan zafi. Wayoyin gidan sun tsufa, da abu biyu masu jan wuta sun haɗu sai fis ɗin lantarki ya yanke. In kuwa ya yanke, gareji ma ya ɗauke, kuma a garejin nan kiɗan Baba yake.

Mu uku ne a ƙungiyarmu. Ni a ganga, yayana Ante a gita, Baba a tsohon ogan ɗinsa mai kama da na coci. Irin kiɗan nan muke yi da ake cewa na sararin samaniya, a kama sauti ɗaya a yi ta jansa har mai sauraro ya manta inda ya ajiye motarsa. Yaran garinmu Fremantle na yanzu gani suke su suka ƙirƙiro shi. Baba kuwa dariya yake musu.

"Ƙirƙira?" in ji shi. "Tun ina kamun kifi da rana muke wannan a mashaya. Kukan gita muka aro wajen baƙaƙen Amurka, gurnani wajen Indiyawa, muka ɗora a kan gangar Jamusawa mai tafiya kamar injin jirgin ruwa. Ku fitilu kawai kuka ƙara da dogon gashi."

Masu irin kiɗanmu kowa yana da wani ɗan akwatin ƙarfe da ake ajiyewa a ƙasa. Ka taka shi ka kaɗa abu, ka sake takawa, sai ya yi ta maimaita abin, kai kuma ka ɗora wani a kai. Na Yaya Ante tsohon yayi ne, ba ya ajiya. Da wuta ta ɗauke, abin da ke ciki ya tafi ke nan. Ranar da Baba ya faɗi, shi kaɗai ne a gareji, ya ari akwatin ya zuba wani ɗan kiɗa a ciki. Sai da muka dawo daga asibiti ba tare da shi ba muka tarar abin yana ta juyawa. Ɗan gajere ne, yana hawa a hankali, can ƙarshe yatsansa ya zame ya taɓa inda bai kamata ba, sannan ya koma farko.

Daga ranar Yaya Ante ya zama mai gadi. Ya naɗe soket da salatif. Ya hana ni injin wanki. Na'urar sanyaya ɗaki kuwa ko kallonta na yi sai ya yi gyaran murya. Ba gidansa ba ne fa, amma kullum yana nan, zaune kan bokiti a ƙofar gareji.

Na ce, "Yaya, ai mun naɗi kiɗan a waya. Mun naɗa a kwamfuta. Har ɗan Goggo Mare da ke Sydney yana da shi."

"Wancan hoto ne, Auta. Wannan shi ne. Hannunsa ne ya sa shi a ciki, babu wanda ya taɓa."

"To sai yaushe?"

Ya gyara zama a kan bokitinsa.

Aka gayyace mu wasa a Melbourne, ya ce wa zai zauna da akwati? Ƙawata ta ce mu je bakin teku a kudu mu kwana biyu, ya ce in iska ta kayar da turken lantarki fa? Gangunana suna cikin garejin, ƙura ta rufe su, don ya ce girgizar duka za ta iya kwance waya. Ina wanke-wanke ina jin kiɗan ta bango. Ina waya ina jinsa. Har na kai in yatsan Baba ya kusa zamewa, sai in ji kafaɗata ta ɗaga tana jira. Na so Baba, Allah ya sani. Amma na tsani akwatin nan, kuma na fara jin haushin mamaci, abin da ya fi komai ci mini rai.

Da zafin Kirsimeti ya shigo, don mu nan lokacin ne bazara, gidan ya zama tanda. Wata Lahadi da rana ina kwance a kan tayil ɗin kicin da jiƙaƙƙen tawul a wuya, kamar kifin da aka manta a kan jirgi, sai na ji abin ya ishe ni. Na tashi na same shi.

"Tashi daga bokitin nan. Yau ɗayan biyu. Ko mu shiga mu ɗora namu kiɗan a kan na Baba, ko in fizge wayar nan da hannuna."

"Ba ki da hankali."

"Ai kai ka kwashe shi. Baba ya zuba kiɗa a akwati don a ɗora wani a kai, ba don ƙato mai furfura ya zauna yana gadinsa kamar kaza kan ƙwai ba. Da yana nan da ya ce maka sakarai."

Ya tashi daga bokitin. Sannan ya ce, "A hankali za ki buga."

"Na ji, ranka ya daɗe."

Muka shiga muka ja ƙofa. Gumi har cikin ido. Na fara da ɗan taɓi, ina bin Baba a baya. Yaya Ante ya rataya gita, ya saki sauti ɗaya dogo ya bar shi yana yawo a ɗakin. Da zagaye ya dawo inda yatsan Baba ya zame, maimakon ya kauce, sai ya bi shi can. Wallahi sai kuskuren ya zauna daram, kamar dama da gangan aka yi. Na ji tsikar jikina ta tashi. Na manta da a hankali, na saki hannu. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Na dai ga Yaya ya rufe ido yana murmushi, yana juya kai gefen ogan kamar yadda ya saba in yana jiran Baba ya ba shi hanya.

Muka sauko tare, a hankali, kamar kullum. Kuma kamar kullum, ƙafarsa ta yi abin da ta saba. Duk mai akwatin nan, in ya gama, yakan danna ya riƙe don ya goge abin da ke ciki kafin ya ajiye gita. Ba tunani ake yi ba, ƙafa ce ke yi da kanta. Jar fitilar akwatin ta fara ƙiftawa.

Ya buɗe ido ya kalli ƙasa. Fuskarsa ta yi fari fat.

"Auta," ya ce da ƙaramar murya. "Na danna."

Kiɗan yana nan yana juyawa. Wannan akwatin ba ya gogewa sai an ɗaga ƙafa.

Ni da na yi ta fatan ranar nan, ni ce na yi tsalle daga kan kujera. "Kada ka ɗaga! Don Allah Yaya kada ka ɗaga!" Na hau dube-dube kamar mahaukaciya. "Bari in kawo bulo. A'a, batirin mota. Ka zame ƙafar a hankali ni kuma in ɗora, ba zai gane ba."

"Sannan kuma?"

"Sannan mu bar shi haka!"

"Har yaushe?"

Na tsaya da batirin a hannu, nauyinsa na jan kafaɗuna. Cinyarsa ta fara karkarwa. Gumi na ɗiga daga gemunsa kan gita. Ya dube ni, ya dubi ƙofar da ke rufe, ya dubi salatif ɗin da ya naɗe soket da shi.

"Ajiye," ya ce. "Zo ki riƙe ni, ƙafar ta mutu."

Na ajiye. Na shiga ƙarƙashin hammatarsa, ya sakar mini nauyinsa duka. Muka tsaya haka muna saurare. Kiɗan ya hau, ya hau, ya zo wajen zamewar, ya koma farko. Ya ce a bari ya ƙara zagaye ɗaya. Da ya ƙare na ce ni ma a ƙara mini ɗaya. Ina kuka sosai, majina da komai, ban damu ba.

"Kin shirya?"

"A'a."

"Ni ma."

Ya ɗaga.