Rigar Aikin Baba

Rigar tana can ƙasan akwati, ƙarƙashin zannuwan marigayiya Inna. Shuɗiya ce, ta koɗe a kafaɗu. Auta ta ɗago ta, ta kai hanci.

"Yaya, rigar Baba! Har yanzu da ƙamshin man keken ɗinki."

Yayanta yana ɗaure kwalayen da za a fitar daga ɗakin, bai ɗago ba. Ba a daɗe da yaye Auta ba Baba ya rasu. Abu guda tak take tunawa game da shi, kuma shi take ba 'ya'yanta labari duk ran da suka tambayi kakansu.

"Sanye da ita ya ɗauke ni," ta ce. "Ina kuka, ya saɓa ni a kafaɗa yana zagaya tsakar gida. Wuyan rigar nan yana gogar kumatuna. Sai nishi yake, yana gyara ni kamar zan suɓuce."

"Ke da ma tun kina ƙarama buhu ce."

"Ka ji ka! Ciwo ne ya ci ƙarfinsa. Duk da haka ya ɗauke ni."

"Kowa ya tuna bara..."

"Bar ni da barata. Ita kaɗai gare ni."

Yaya ya saki igiyar. Shi ma yana tune da ranar. Bayan rasuwar Baba, yarinyar ta ƙi ci, ta ƙi barci, sai kiran Baba. Inna ce ta sauko da rigar daga ƙusa ta zura masa, shi da ko firamare bai gama ba, ta nannaɗe masa hannuwan. Ta ce, "Kada ka yi magana, kada ka bari ta ga fuskarka." Haka ya yi ta zagaye da ita a kafaɗa, rigar tana dukan ƙwaurinsa, har kukan ya tsaya.

"Abin da ke damuna," in ji Auta, "fuskarsa ta ƙi zuwa. Muryar ma haka. Bai ce mini komai ba ne?"

Yaya ya karɓi rigar. Hannuwanta suna nan a nannaɗe, yadda Inna ta bar su. Ya warware su ɗaya bayan ɗaya, ya shafe tabon naɗin da tafin hannu, ya miƙa mata.

"Baba ba mai yawan magana ba ne," ya ce.