Ramin Fiyus na Uku

"Ƙarya yake yi!" in ji mijin Yaya, har da buga ƙafa a barandar asibiti. "Wallahi tsohon nan ƙarya yake yi, Yallaɓai. Rubuta!"

Daidai nan Rewaya ya ƙaraso, a jiƙe sharkaf, da rigar gareji duk baƙin mai. Gyaran wutar mota ne sana'arsa, shi ya sa laƙabin ya bi shi har ya danne sunansa. Waya aka yi masa cewa yayarsa ta yi hatsari a mahaɗar bakin kasuwa. Ya leƙa ɗakin da aka kwantar da ita, ya ga ƙafa a naɗe, goshi da filasta, amma tana magana. Ya yi hamdala ya dawo baranda, inda ɗan sanda ke zaune a benci da littafi a cinya.

A gaban ɗan sandan wani dattijo ne tsaye, direban motar raba burodi. Ya cire hula ya riƙe ta da hannu biyu.

"Yallaɓai, na duba dama, na duba hagu," in ji dattijon. "Ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, gari ya yi duhu-duhu. Motarta ruwan toka, kwalta ruwan toka, kuma ba fitila ko ɗaya. Da na ga haske ko na ashana ne, da na tsaya. Shekara talatin da ɗaya ina tuƙi, ko kaza ban taɓa takewa ba."

"Ka ji ko? Wai ba fitila!" Mijin Yaya ya tafa hannu. "Motar nan kana murɗa makulli fitilun gaba ke kamawa da kansu, ko da rana tsaka. Don haka ma na saya mata ita." Ya waiwayo. "Yawwa, ga ƙanenta nan, aikinsa ne. Rewaya, faɗa wa Yallaɓai."



Ranar Talata Yaya ta kawo wa Rewaya motar ya gyara mata hon. Shi kuwa in akwai abin da ya tsana a duniya, to fitilar rana ce. Cin batir ne kawai, in ji shi, da iyayin masu ƙera mota. Duk wanda ya shigo garejinsa da ita a kunne sai ya sha tsiya: "Ranar Allah ba ta ishe ka ba? Ko allura ka yar?" A yi dariya, ya sunkuya ƙarƙashin sitiyari ya zare fiyus ɗin da ke kai mata wuta, ya jefa a gwangwanin madara da ke kan kanta. Wasu da saninsu, wasu kuwa gwaninta ce kawai yake yi musu kyauta. Motar Yaya ma haka ya yi mata, bai ko faɗa mata ba. Fitilar dare tana nan lafiya lau, in an murɗa za ta kama. Da rana kuma wane direba ne ke ganin hasken fitilarsa? Har yau ita ta ɗauka a kunne suke.

"Matar ma ta rantse suna ci," in ji ɗan sandan, yana juya lasisin dattijon a hannu. "In ka tabbatar, wannan ya zauna a wurina, gobe sai kotu."

"Yallaɓai, in ka riƙe shi kamfani sallamata zai yi," in ji dattijon a hankali. "A shekaruna wa zai ɗauke ni?"

Rewaya ya dubi ƙasa. Ruwan rigarsa na ɗiga a kan siminti. Yayar nan ita ta goya shi, ita ta kama hannunsa ta kai shi koyon sana'ar. Mijinta kuwa dama kallon shashasha yake yi masa. Ta yaya zai buɗe baki ya ce shi ne?

"E," ya ce, murya can ƙasa. "Haka kamfani ya ƙera ta."

Ba ƙarya ya yi ba, amma ya san abin da ya yi ya fi ƙarya muni. Ɗan sanda ya fara rubutu. Kunya ta rufe Rewaya har kunnuwansa suka ɗauki zafi.

Dattijon bai yi gardama ba. Ya daɗe yana kallon Rewaya, sannan ya sa bayan hannu ya murtsuke idanunsa, ɗaya bayan ɗaya.

"To, ɗana, kai ka san aikin," ya ce. "Wataƙila idon ne ya fara tafiya ban sani ba. In haka ne gara da aka karɓe, kafin in kashe 'yar mutane."

Wannan ce Rewaya ya kasa haɗiyewa. Da tsohon ya zage shi, da ya fi masa sauƙi.

"Yallaɓai, dakata." Rewaya ya matso gaba. "A buɗe akwatin fiyus ƙarƙashin sitiyari. Rami na uku ba komai a ciki. Ni na cire ranar Talata. Idon Baba lafiya lau, ba fitila."



"Kai?" in ji mijin Yaya. "Kai? Wa ya sa ka? Hon aka kawo maka, hon! Karambanin banza, ka karya mata ƙafa, ka tsaya nan kana kallo za a ɗaure bawan Allah!"

Rewaya bai ɗago ba. Ɗan sandan ya ja layi a kan abin da ya rubuta, ya miƙa wa dattijon lasisinsa, ya ce dukkansu su zo ofis da safe bayan an duba motar. Dattijon ya sa hularsa, ya soke lasisin a aljihun gaba ya danna maɓalli. Ko kallon Rewaya bai sake yi ba.

"Auta."

Yaya ce daga gado. Ashe ƙofar a buɗe take tun ɗazu. Ya shiga yana jan ƙafa, ya durƙusa a gefen gadon, ya rasa ta inda zai fara ba ta haƙuri. Ya jira faɗa, bai ji ba.

"Tawa kaɗai ka cire?" ta tambaya.

 Gwangwanin madarar nan ya tuna, wanda fiyus suka cika fiye da rabinsa. Ta taga yana jin ruwa na ƙara ƙarfi, motoci na wucewa a titin asibitin.

Ya laluba aljihu ya ciro waya, ya buɗe sunayen masu kawo masa gyara, ya fara kira daga na farko.