Firiza Arba'in da Uku

Ranar Talata da hantsi labarin rasuwar tsoho Isaia, babban mai sarautar ƙauyenmu, ya iso tsibiri daga asibitin birnin Apia. Mata suka fashe da kuka, fasto ya sa aka kaɗa ƙararrawa. Ita kuwa Fetaui, da ta share hawayenta, abin da ya fara faɗo mata a rai firiza ne.

Kada a ga laifinta. Shekara tara ke nan tana riƙe da gidan wutar tsibirin: farantan sola a bayan makaranta, ɗakin batura, janareta ɗaya, da na'urar da ke raba wuta unguwa-unguwa. Ta san abin da mutuwar babban mutum ke jawowa. Ba za a binne shi ba sai dangi sun hallara daga ƙasashen waje, Auckland da Sydney, kwana takwas ke nan. Kafin nan kowane gida zai tara abin da zai miƙa ranar jana'iza, lallausan tabarmi da katan-katan na kaji da naman sa. Naman nan kuwa sai an aro firizoji daga babban tsibiri. Idan ya ruɓe a gaban baƙi, jikokinmu ma sai an yi musu gori da shi.

Da can wannan ba abin damuwa ba ne. Na'urar tana da kai, ba a raina ta. Ta san ranar Lahadi kowa na guga da sassafe, ta san lokacin da hadari zai rufe rana, kuma duk sanda ta ga wata unguwa na jan wuta fiye da ƙima sai ta datse layin, don ta ɗauka waya ce ta tsinke. Da haka ta ceci 'yan makaranta shekarar da iska ta yar da waya a kan hanyarsu. Abin da ba ta da shi kunne ne. Ba ta zuwa coci, ba ta zama inda mata ke saƙa, ba ta san wa ya mutu ba, wa zai yi aure. Wannan Fetaui ke kawo mata kullum safiya. Ta zauna ta rubuta mata labarin gari, na'ura ta gyara shirinta, wuta ta zauna lafiya.

Sai wata biyu da suka wuce kamfanin da ya kafa tashar ya aiko da takarda, wai bincike ya nuna hannun mutum ne ke kawo kuskure. Hujjarsu ɗaya tak: ta taɓa sa an tada janareta saboda wani biki, aka fasa bikin. Daga ofis suka kulle wurin da take rubutu da lambar sirri, suka bar mata tsintsiya da tsumman goge faranti. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne sa hannun da ke ƙasan takardar. Injiniya Peniamina, ɗan ƙaninta na ciki ɗaya, wanda ta goya a bayanta.

Ta buga waya ofis ranar Laraba. Wata yarinya mai zaƙin murya ta ce ta cika takardar buƙata, za a duba cikin kwanakin aiki goma.

"Kwana goma? 'Yar nan, gawar za ta jira ku ne?"

"Haka tsarin yake, Mama."

"To ki gaishe min da tsarin."

Ita ma a ranar ta sa aka yanka marakin da ta shekara biyu tana kiwo, aka cusa shi a tsohuwar firizarta, wata ƙatuwa mai gurnani kamar kwale-kwalen inji. Shi ne abin da gidanta zai miƙa.

Jirgin Juma'a ya iso cike da baƙi da kaya. Fetaui na tsaye a bakin gaɓa tana ƙirga firizojin da ake saukewa, sai ga Peniamina da kansa, zane ɗaure a ƙugu, ya saɓo wata a kafaɗa yana haki a bayan uwarsa Losa. A Apia injiniya ne. A nan kuwa, tunda ba shi da sarauta, mai ɗaukar kaya ne kamar kowane ɗan dangi. Ya gaishe ta, ta amsa da hanci.

Da tsakar rana kowa ya jona tasa. Ba a yi minti goma ba unguwar gabas ta ɗauke ɗif, ta yamma ta bi. Na'ura ta ga jan wutar da ba ta taɓa gani ba ranar Juma'a, ta yi abin da aka koya mata. Asibitin ƙauye kaɗai ta bari da wuta.

Mata suka yi cincirindo a ƙofar gidan wuta.

"Fetaui, so kike ki tona mana asiri?"

"Kajina sun fara zufa, wallahi!"

"Shekara tara ana ba ki aiki, yau da muke buƙatarki kike tsaye riƙe da tsintsiya?"

Fetaui ta ajiye tsintsiyar. Ta wuce kai tsaye zuwa zauren taro, inda masu sarauta ke zaune a kan tabarmi, Peniamina na durƙushe yana miƙa musu ruwan kwakwa. Ba a magana a tsaye a gaban manya, ba a kuma ɗaga murya, don haka ta zauna a bakin zaure ta naɗe ƙafa, ta yi maganarta a hankali, yadda kowa zai ji sarai.

"Ina neman afuwar iyayena. Na zo aron ɗana ne. Shi ya ɗaure wa na'ura kunne, shi kuma ya jona firizar da ta cika mata ciki."

A wurinmu namiji ba ya wasa da bakin 'yar'uwar ubansa. Peniamina ya ajiye kwakwar ya biyo ta.

"Gwaggo, ba ni kaɗai na yanke ba," ya ce a hanya. "Lissafi ne ya nuna..."

"Lissafinku ya san Isaia ya mutu?"

"Idan na buɗe, a bakin aikina."

"Idan ba ka buɗe ba, kai za ka tsaya gaban mutanen Auckland ka gaya musu abin da ke wari."

Ya buɗe. Ta ture shi gefe ta zauna, ta rubuta: babu wayar da ta tsinke, jana'iza ce, firiza arba'in da uku, har zuwa Laraba. Janareta ya yi tari ya kama. Amma kafin na'ura ta saki wuta sai ta dawo mata da amsa: hadari na tafe, kwana uku ba rana, wutar da ke akwai ta firiza arba'in ce. Idan aka haura haka, ranar Litinin asibiti zai ɗauke.

"Ƙarya take," in ji wata daga bakin taga. "Sama fes take."

Fetaui ta leƙa. Sama fes take kuwa. Amma a kan maganar hadari ba ta taɓa kama na'urar nan da ƙarya ba, kamar yadda ita ma na'urar ba ta taɓa kama ta da ƙarya a kan mutuwa ba. Ta ce a nuna mata gidajen da suka fi ja. Sunan farko a jerin nata ne. Tsohuwar firizarta ita kaɗai tana shan wutar sababbi uku.

Ta dubi matan da ke taga. Ko gida uku su ji kunya, ko gida ɗaya. Kowacce ta sami abin kallo a ƙasa. Ta tashi ta tafi gida ta zare wayar da hannunta.

Washegari ta gasa marakin a kan duwatsu masu zafi da gwaza, ta raba wa masu haƙa kabari da masu kafa rumfa. Suka ci suka suɗe hannu, ruwan sama na zuba kamar yadda aka faɗa. Wuta ba ta ko ƙifta ba har Laraba.

Ranar jana'iza mai shela ya tsaya da sandarsa yana kiran gida-gida da abin da kowa ya kawo. Gidan Losa, kaji katan ashirin da tabarma. Aka yi guɗa. Gidan Fetaui, kifin gwangwani katan biyu. Wata baƙuwa daga Sydney ta rufe baki da mafici tana dariya. Daga nan mai shela ya yi doguwar godiya ga ɗanmu injiniya, wanda ilminsa ya tsare mutuncin ƙauye, aka shimfiɗa masa tabarma mai kyau a gabansa.

Da aka fara watsewa Peniamina ya rarrafo kusa da ita, tabarmar a hammata.

"Gwaggo, ki karɓi wannan. Kuma na bar miki a buɗe. Ki riƙe lambar, amma don Allah kada ofis su ji."

Ta dube shi har sai da ya sunkuyar da kai.

"Wato in riƙa shiga aikina ta taga, kamar ɓarauniya? Ranar da ya yi kyau a yaba muku, ranar da ya ɓaci a ce hannun mutum ne?" Ta mayar masa da tabarmar kan cinyarsa. "Koma ka rubuta musu abin da ya faru, da sunana a ciki, ka sa hannu a ƙasa. In ba za ka iya ba, kulle abinka kafin jirgi ya tashi. Fasto ma ba shi da lafiya, ka sani, wata jana'izar ba ta yi nisa ba."