Ƙararrawar Aji Ɗaya

Mutanen Unguwar Gide har yau Aji Ɗaya suke kiran ginin, ko da yake an rubuta Zauren Al'umma a goshinsa da shuɗin fenti. 'Yan mishan suka gina shi da dutse, gwamnati ta karɓe shi, sannan aka kai makarantar bakin hanyar Ƙanƙara, aka bar shi ga jemagu. Bana matasa suka sake masa kwano, kwamiti ya raba ɗakunansa: ɗaya na taro, ɗaya na masu rigakafi. Saura na ƙarshe.

Shi Malama Lidiya take nema. A cikinsa ta koyi baƙi, a cikinsa ta koyar har ta yi ritaya ta koma Funtuwa wajen ɗanta. Yanzu ta dawo tana so ta buɗe wa mata ajin yaƙi da jahilci. Manoma kuwa ma'ajiyar taki suke so.

Malam Yusha'u, shugaban kwamiti, tsohon ɗalibinta ne, don haka bai iya ce mata a'a ba.

"Malama, ranar Asabar in mata suka cika benci, ɗaki naki ne. In ba su zo ba, taki ya shiga."

"Kai da ba ka taɓa cika benci ba sai ranar rabon alli?"

"Shi ya sa na san halin ɗalibai," in ji shi.

Ranar Asabar Lidiya ta share ɗakin, ta goge allo, ta zauna. Hantsi ya yi. Mace guda ta zo, Safara'u mai ƙosai, ita ma aron benci ya kawo ta.

Lidiya ta fita ta tsaya gindin tsamiya. Wilin babbar motar da ke zaman ƙararrawar makarantar yana rataye inda ta bar shi, guntun ƙarfen bugu soke a raminsa. An gaya mata tun ranar da ta sauka cewa ƙararrawar ta sake aiki. Tun da 'yan bindiga suka fara shigowa, ita ake bugawa in an hango babura: maza su fita, mata da yara su shige ginin dutse su kulle. Ta ji, ta ce Allah ya kyauta. Amma ganin aji babu kowa rana ta ɗaga, hannunta ya yi abin da ya saba.

Kafin ƙarar ta mutu gari ya kaɗa. Mata suka kwararo, wata da kumfar wanki har gwiwar hannu, wata da muciya, wata da goyo a karkace. Suka ture Lidiya ciki, aka danna ƙofa, aka jingina benci. Kowa sai haki.

"Ta ina suka ɓullo?" wata ta tambaya a hankali.

"Ba kowa," in ji Lidiya. "Ni na buga. Lokacin aji ya yi."

Safara'u ce ta fara samun baki. "Goggo, mi muka yi miki? Bilki tuwonta na bisa wuta, ni na zubar da mai!"

Sai da maza suka kewaye gonaki suka dawo sannan aka buɗe. Malam Yusha'u ya tsaya a ƙofa, ƙaya ta yage masa riga. Ya dubi ɗakin. Babu wurin sa ƙafa.

"Sun cika benci," in ji Lidiya.

"Na gani, Malama."

Kwamiti ya zauna bayan la'asar. Wasu suka ce tsoro ne ya cika ɗakin, ba karatu ba. Yusha'u ya ce shi bai yi sharaɗin abin da zai kawo su ba, kuma magana ta riga ta fita. Aka ba ta ɗakin. Aka kuma cire guntun ƙarfen daga tsamiya, aka kai gidan mai unguwa, da sharaɗin kada ta ƙara kusantar wilin.

Asabar ta gaba Lidiya ta bi gida-gida tana sallama. Wasu ba su amsa ba. Bilki ta zo aji da goyonta, ta zauna kusa da ƙofa, ta ce a fara nuna mata yadda ake rubuta sunanta.